Ga Edita: Matasan Da Suka Riƙe Mana Cefane A Lokacin Korona

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ka taimaka mini da ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna.

Ni mai awo ne a Kurna, nan Kano. Ina sayar da gero da dawa da masara da wake da shinkafa, ina kuma haɗawa da ɗan kayan tireda irin su sukari, taliya, man gyaɗa, magi da sabulu. A hannun mahaifina na koyi wannan sana'a, Allah Ya jiƙansa. Maganar da nake yawan ji a bakin sa'o'ina ita ce wai yaran yanzu ba su san cefane ba. Ba su iya ciniki ba, in ka aiki yaro awo sai ya kwaso maka tsakuwa, ba abin da suka iya sai danna waya da dafa Indomie. Akwai gaskiya a cikin zancen, kuma zan zo kanta. Amma masu faɗin haka sun manta da abin da ya faru a 2020, lokacin da waɗannan yaran ne suka tsaya tsakanin gidajenmu da yunwa, mu kuwa manya muna ɗaki.

Bari in tuna wa masu karatu yadda abin ya zo. Ranar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Ranar Alhamis 16 ga wata da ƙarfe goma na dare dokar kulle ta fara aiki, aka ce mako guda za a yi. Ranar Juma'a 24 ga wata aka tashi da azumi. Kwana uku bayan nan Shugaba Buhari ya sanar da rufe Kano na mako biyu. Sai a farkon watan Mayu Gwamna Ganduje ya sassauta, aka ba mutane ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, su fita su nemi abinci. Manyan kasuwanni na rufe, in ban da 'Yankaba da 'Yan Lemo da aka bari saboda kayan gwari da kayan marmari. Ba a janye dokar gaba ɗaya ba sai farkon watan Yuli.

A cikin waɗannan makonnin ne mutuwa ta sauka a garin nan. Kullum ka kunna rediyo sanarwar rasuwa ce, malamai, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata, masu sarauta. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce bincike ya ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi. Ko wanda yake musun cutar a majalisa, in ya koma gida jikinsa yakan yi sanyi, domin kowa ya ga cewa dattawa ne ke tafiya. A al'adarmu ta Kano maigida ne mai cefane. Shi ke biyowa ta wurin mai awo, ya tsaya wurin mai kayan miya, ya leƙa wurin mahauci. To rana ɗaya sai 'ya'ya suka ce wa iyaye, Baba ka zauna, mu za mu je. Makarantu a rufe, malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun watan Maris, wanda bai ƙare ba sai Disamba. Yaran na gida ba aikin komai. Sai na ɗaga kai na ga fuskokin da ke tsaye a gaban buhunana duk sun canza. Mutanen da na shekara ashirin ina auna wa hatsi sun ɓace, 'ya'yansu ne ke miƙo mini leda.

Zuwansu na farko abin tausayi ne. Yaro ya zo da jerin kaya a cikin waya, uwarsa ta karanto masa ya rubuta. Ya ce a ba shi gero kwano uku. In ce na kunu ko na tuwo, sabo ko tsoho? Ya tsaya yana kallona. In ce dawa fara ko kaura? Ya ce bari ya kira Umma. Wasu har bidiyo suke kira, su haska buhun da waya, uwar tana daga tsakar gida tana cewa a'a ba wannan ba, na gefensa. Ba su san ana zura hannu can cikin buhu a ɗebo na ƙasa ba, saman kawai suke dubawa. Ba su san ana tauna ƙwayar masara a ji ko ta bushe ba. Wake kuwa, wanda azumi ba ya yiwuwa sai da shi saboda ƙosai, ba su san a duba huji ba, ko a ga ko gari na zuba daga gindin buhu, balle su sunsuna su ji ko an cika masa maganin ƙwari. Kuma duk kuɗin da ka faɗa shi ne. Babu tayi, babu "a rage mana", babu neman gyara. Yaro ya ƙirga ya ba ka, ya ɗauki kayansa yana sauri kada lokaci ya ƙure.

A nan ne nake jin nauyin abin da wasu 'yan sana'armu suka yi, kuma ba zan rufe shi ba. An cuci yaran nan ƙwarai. Na ga saurayin da ya dawo daga wata kasuwa da rabin buhun shinkafa 'yar gida, sama fes, ƙasa karyayya da tsakuwa. Na ga wanda aka auna wa da kwanon da aka bubbuge gindinsa, da muka sake aunawa a nawa kwano goma ya koma tara da ɗan kai. Na ga manjan da aka yi wa algus, jan nan ba nasa ba ne. Duk wannan a cikin watan Ramadan, a garin da kowane ɗan kasuwa ya san abin da Allah Ya ce a kan masu tauye mudu a Suratul Muɗaffifin. Ga kuma masu ɓoye kaya, har sai da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jiha, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta shiga maganar farashi da rumbunan ajiya. Yaron da aka cuta in ya koma gida shi ake yi wa faɗa, a ce ba shi da wayo. To wa ya taɓa kai shi kasuwa? Mahaifinsa ya sa shi a boko da islamiyya, ya hana shi yawo, ya ce karatu kawai. Ranar da aka buƙace shi aka jefa shi cikin mutanen da suka shekara talatin suna wannan harka, aka ce ya yi nasara a kansu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin da suka farga, kuma ba ta hanyarmu suka bi ba. Mu abin da muka sani shi ne ka riƙe mutum ɗaya. Kana da mai awonka, mai namanka, mai kayan miyarka, kun san juna, ba ka tambayar wani. Su kuwa waya suka mayar kasuwa. Tun daren Lahadi yaro ya kira shago uku ko huɗu ya ji nawa kwanon sukari, nawa katan ɗin taliya. Suna da zaurukansu na WhatsApp, na 'yan layi, na 'yan ajinsu, na 'yan ƙwallo, wani ya rubuta cewa ya sayi kaza a wuri kaza kuɗi kaza, kafin gari ya waye kowa ya sani. Sai ka faɗi kuɗi yaro ya juyo maka fuskar waya ya ce, Baba, a can ƙasan layi ga yadda ake bayarwa. Da farko abin yakan sosa mini rai, domin ina ganin kamar ba a yarda da ni ba. Amma na ga amfaninsa da idona. Mai kwanon nan da na ambata, cikin ɗan lokaci labarinsa ya zaga, samari suka daina zuwa wurinsa. Abin da dattawa suka sani suka yi shiru a kai shekara da shekaru saboda kunya da zumunci, yara sun kashe shi da saƙo ɗaya.

Sai kuma sayen haɗaka. Wasu samari a layinmu, yawancinsu ɗaliban jami'a da yajin aiki ya zaunar, suka fara bi gida-gida suna karɓar abin da kowa ke so. Kowa ya tura kuɗinsa asusun mutum ɗaya, ko ya ba da a hannu a rubuta. Su kira ɗan sari su yi ciniki ta waya, ranar fita mutum biyu su je da mai kura su ɗauko buhu, a kawo zaure a raba da kwano ɗaya a gaban kowa. Buhun hatsi yakan ci wajen kwano arba'in, to gida takwas kowa ya samu biyar a farashin sari. Da kasuwanni suka buɗe sai suka riƙa zuwa Dawanau da kansu, tunda ba ta da nisa da mu, kayan tireda kuma su shiga Singa. Wannan ciniki daga bakina aka cire shi, ba na musu. Amma ina ganin gidajen da suka amfana, har da na zawarawa da tsofaffin da ba su da mai fita. Yaran nan su ne ke ɗora musu kaya a kai har ƙofar ɗaki, ba sa karɓar ko sisi. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na ga yaron da ake kira shashasha a unguwa yana tura baro cikin ranar watan Mayu, da azumi a bakinsa, yana kai wa gidaje gero.

Wahalar da suka sha a waɗannan ranakun fita ba a faɗinta yadda ya kamata. Awa shida, sau biyu a mako, ga gari mai miliyoyin mutane. Duk wanda ya shiga 'Yankaba a irin wannan rana ya san ba maganar tazara. Kafaɗa na gugar kafaɗa, takunkumi ya sauko haɓa saboda zafi, mai tumatir ya san ba ka da lokacin zagayawa, shi ma kuma yana tsoron abin da ya rage masa zai ruɓe kafin Alhamis. Ba adaidaita sahu yadda aka saba, yawanci a ƙafa ake dawowa da kaya. Wanda ya makara ya haɗu da masu tsaron hanya, wani a kai shi kotun tafi-da-gidanka, wani ya rabu da canjin cefanen kafin a sake shi. Daga nan yaron ya shiga gida ya zauna kusa da kakarsa a sha ruwa. A ganina tsarin nan ya tara jama'ar da ake son a raba. Da an bar masu awo da masu kayan miya na cikin unguwanni suna buɗewa kullum na ɗan lokaci, aka tabbatar kaya na isowa gare su, da cunkoson bai kai haka ba. Ina faɗin wannan ne domin annoba ba ta yin sallama ta ƙarshe, wata na iya zuwa.

Yanzu ga maganar taliya da Indomie da ake yi musu gori a kai. Gaskiya ne, a wancan lokaci katan ɗin taliya ba ya kwana a shagona. Amma a tambayi dalili. Tuwo ba daga kwano yake faɗawa tukunya ba. Sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai inji. Injin niƙa ko dai yana rufe ko ba wuta. Wake yana cin itace ko gawayi mai yawa kafin ya nuna, mai sayar da gawayin ma sai an neme shi. Taliya kuwa minti kaɗan ta dahu, a zuba mata manja da yaji an ci. Yaron da aka ba kuɗi kaɗan aka ce ya ciyar da gida, lissafin makamashi ya yi, ba lalaci ba ne. Haka suka koma wa kauɗa da busasshen tattasai da busasshiyar kuɓewa, abubuwan da da can suke rainawa, saboda ɗanyen tumatir ba ya kai kwana uku a zafin bazara, firji kuma ba wuta. Wani yaro ya taɓa tambayata yadda ake jiƙa kauɗa, na ce ya je ya tambayi kakarsa, ita ce gwanar.

Akwai wani rukunin matasa da ba a cika tunawa da su ba in ana wannan zance, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai. Samarin da ba su da gida a garin nan sai ɗakin haya, mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya. Yaran shago na Kantin Kwari, masu gyaran waya na Farm Centre, 'yan dako, masu wankin mota, direbobin adaidaita sahu masu biyan balas kullum, 'yan ci-rani da rufe hanyoyin jihohi ya rutsa da su. Waɗannan ba su taɓa cefane ba a rayuwarsu. Safe wurin mai shayi ko mai ƙosai, rana wurin mai shinkafa da wake, dare wurin mai tuwo. Rana ɗaya duk waɗannan suka ɗauke tukwanensu, aikin da ke kawo kuɗin ma ya tsaya. Ana ta sanarwa a rediyo cewa kowa ya tanadi abincin mako biyu. Wanda sai ya fita yau zai ci yau, da me zai tanada?

Su ne suke zuwa bayan shago da magariba, su ƙwanƙwasa a hankali. Ƙullin mai, ƙullin sukari, rabin ledar taliya, magi biyu, gwangwani ɗaya na shinkafa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli su ne sahur ɗin da yawansu. Wasu ko tukunya ba su da ita, sai sun ara. Kuma abin da ke ƙona rai, wanda kowane mai shago ya sani, shi ne mai sayen ƙulli ya fi kowa sayen tsada. In ka haɗa ƙullin man da yaro ya saya a wata guda, kuɗin ya wuce na kwalba nesa ba kusa ba. Mai mota ya je babban kanti, irin waɗanda aka ba izinin buɗewa, ya cika but a farashi mai sauƙi. Mai naira ɗari biyu shi ke biyan riba mafi yawa. Haka abin yake tun kafin korona, amma a lokacin ne na gan shi tsirara.

Tallafin da aka yi ta ambata, abin da ya iso layinmu bai taka kara ya karya ba. Kowa kuma ya ga abin da ya faru a watan Oktoba na shekarar, da aka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwa, aka tarar da abinci jibge. Abin da ya riƙe talaka a unguwanni shi ne maƙwabci da littafin bashin mai shago. Nawa littafin ya cika har na sayi wani. A nan ma na koyi wani abu game da yaran nan. Dattijo in zai karɓi bashi yakan zauna, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ya ce a auna masa kafin ƙarshen wata. Saurayi kuwa bai san ana yin haka ba. Yana ganin kamar roƙo ne. Sai ya yi ta kewaye-kewaye, ko ya ajiye maka wayarsa ya ce ka riƙe jingina. Nakan ce ɗauki wayarka, ɗana, da ita za ka nemi aikin da za ka biya ni. Yawancinsu sun biya da gari ya buɗe, wasu kaɗan-kaɗan har cikin damina. Akwai waɗanda suka tafi garinsu ban sake ganinsu ba, na yafe. Akwai kuma wanda ya turo mini kuɗina daga wata jiha bayan na cire rai.

Wannan kunyar karɓar bashi a wurin mutum ita ce ta tura da yawansu hannun manhajojin ba da rance na waya. Danna biyu kuɗi ya shigo, ba wanda ya ga fuskarka. Sai ruwa ya hau, mako guda ya cika, a fara tura saƙo ga duk lambar da ke cikin wayarka ana kiranka ɓarawo. Na san yaron da aka tozarta haka a kan kuɗin da bai kai na rabin buhun shinkafa ba, har surukan yayarsa sai da saƙon ya je musu. Da ya zo wurina da na auna masa ba tare da kowa ya ji ba. Ya kamata iyaye su gaya wa 'ya'yansu cewa bashin mai shagon unguwa ba abin kunya ba ne, tsohon tsari ne da aka gina garin nan a kansa, kuma ba kuɗin ruwa a cikinsa.

Tura kuɗi ta waya ma a lokacin ya shigo mana sosai. Bankuna layi har titi, na'urar cirar kuɗi ba kuɗi, masu POS na unguwa suka zama su ne banki. Yara suka fara cewa, Baba ba ni lambar asusunka. Ɗana ne ya zauna ya nuna mini yadda zan tabbatar kuɗi ya shigo, kada in dogara da saƙon da mutum zai nuna mini a wayarsa, domin akwai 'yan tsirarun da ke yawo da alat na bogi. Amfanin wannan koyo bai fito sosai ba sai farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da tsabar kuɗi ta ɓace. Masu awon da suka saba karɓar tiransifa tun korona sun ci gaba da ciniki. Waɗanda suka ƙi sun zauna suna kallon buhunansu.

Ban manta da 'yan mata ba, ko da yake ba su cika zuwa gabana ba. Da yawa a lokacin suka fara sana'a daga ɗaki: yajin daddawa, garin kunu, dakakken citta da kanumfari, niƙaƙƙen kayan miya da aka tafasa don ya daɗe, ƙullun ƙosai. Su ɗora hoto a WhatsApp, ƙawaye da matan aure su yi oda, ƙani ya kai a keke ko babur. Wasu na ganin wannan sabon abu ne. Ni ina ganin sana'ar iyayenmu mata ce ta cikin gida, sai dai maimakon a ɗora wa ƙaramar yarinya faranti ta yi ta yawon talla, hoto ne ke yawon. Wannan ci gaba ne da ya kamata a ƙarfafa. Akwai yarinyar da take aiko a auna mata gero kwano biyu a lokacin, yanzu buhu take ɗauka, kuma ta fi maza da yawa sanin geron da zai yi kunu mai kauri.

Da aka janye doka, iyaye da yawa ba su karɓi cefanen daga hannun 'ya'yansu ba. Har yau yaran ne ke zuwa, wasu sun yi aure suna yi wa nasu gidan. Kuma zamanin da suka tarar ya fi namu tsanani. Tun rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019 shinkafa ta fara hawa, korona ta ƙara, cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 ya zo ya ɗora. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A irin wannan hali, kwano ɗaya da aka tauye wa magidanci sabon aure abincin kwana biyu ne. Suna da wayar da ke gaya musu farashi, amma waya ba ta jin warin wake, ba ta gane shinkafar da ba ta bushe ba, ba ta san cewa ana sayen hatsi a ajiye da kaka kafin ya tashi a bazara ba. Wannan ilimin yana hannunmu, kuma muna tsufa da shi. Gorin da muke yi musu ba zai sa ya koma kansu ba.

Don haka ina roƙon iyaye maza, duk mai ɗa da ya kai shekara goma sha biyu ya riƙa tafiya da shi cefane ko da ranar Asabar ce. Ya bar shi ya zura hannu a buhu, ya bar shi ya yi tayi ko da za a yi masa dariya, ya nuna masa yadda cikakken kwano yake yin tozo. Shugabannin kasuwanninmu kuma su dubi maganar ma'auni da gaske. A samu kwano ɗaya mai hatimi da kowa zai yi awo da shi, a ajiye sikeli a bakin kasuwa inda mai saye zai gwada abin da aka ba shi, wanda aka kama da bugaggen kwano a hukunta shi a gaban 'yan'uwansa. Mu masu awon gaskiya ba abin da zai rage mana.

Ku kuma, ya Edita, ina da buƙata a wurinku. Ku ware ɗan gurbi kowane mako ku riƙa buga farashin kayan abinci: buhu da kwano na gero, dawa, masara, wake da shinkafa a Dawanau, katan ɗin taliya da buhun sukari da jarkar mai a Singa, kwandon tumatir da buhun albasa a 'Yankaba, da ranar da aka ɗauki farashin. Ku sa shi a shafinku na intanet yadda za a iya turawa ta WhatsApp, domin a can matasan suke. In da hali ku haɗa da kasuwannin Kaduna da Katsina da Sakkwato da Maiduguri, mai karatu ya ga bambanci. Wakili ɗaya da waya ɗaya sun isa wannan aiki, kuma 'yan kasuwa da yawa za su ba shi farashin gaskiya in ya zo da kansa.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a wancan lokaci, Ya kare mu daga wata annobar.

Wassalam.

Naka,
Mai awo,
Kurna, Kano.